Kashin Jini a Ɗaki na Uku

Shirun ne ya fara tsorata Dogo, mai kula da ɗaki na uku a gonar kajin Hajiya. Kajin nama idan suka ji motsin bokitin abinci sukan ɗauki ihu su yo bakin ƙofa, sai mutum ya riƙa ture su da ƙafa kafin ya sami wurin takawa. Ran nan ya buɗe ƙofa, babu wadda ta taso. Sun takure a kusurwa, fukafukai a sake, ido a lumshe, gashi a tashe. Dusar katakon da aka shimfiɗa musu ta yi ɗige-ɗigen jini ko'ina. Matattu kuwa ya fara kwasa da hannu, da ya ga abin ya fi ƙarfin hannu ya tafi ya turo baro.

Kafin azahar Dogo yana bayan kanta a caji ofis, ana tuhumarsa da zuba wa kaji guba.

Aka ba wani Sufeto binciken. Abokan aikinsa Me-ya-sa suke kiransa a bayan ido, don mutumin nan ko shayi ka miƙa masa sai ya tambaye ka dalilin da ya sa ka zuba madara kafin sukari. Yana gajiyar da mutane, gaskiya. Amma idan aka rufe ka ba ka ji ba ba ka gani ba, irinsa za ka roƙi Allah ya haɗa ka da shi.

Tun daga bakin get ɗin gonar ya fara jin daɗin aikin. Baba maigadi ya tare motarsa, ya fesa wa tayoyi ruwan magani, ya miƙo masa takalmin roba da doguwar riga shuɗiya.

"Baba, hukuma ce fa," in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, kaji ba su san hukuma ba. Cire takalmin."

Ya cire yana murmushi. Ɗakuna uku ne dogaye a jere, kowanne da ɗan kwarmin siminti cike da ruwan magani a bakin ƙofa, da takalman roba masu launi dabam a rataye. Me ya sa launi dabam? Don kada takalmin wani ɗaki ya taka wani. Me ya sa ga ɗakunan kwana can baya? Don masu kula da kaji ba sa fita gonar sai an sayar da kajin da ke hannunsu, kada su kwaso cuta a gari. Baba maigadi bai kai shi ofis ba sai da ya ji kamar ya yi wa ajin makaranta darasi.

A ofis Hajiya tana tsaye, ta kasa zama. Kusa da ita Manajan gonar ne, mutum tsaf-tsaf, farce a yanke, riga babu ko ɗigon datti. A kan tebur ga gwangwanin maganin ɓera.

"Shekaranjiya na kama Dogo ya tsallake ruwan magani ya shiga ɗaki," in ji Hajiya. "Na ce in na ƙara gani ya tattara kayansa. Ya yi mini wani irin kallo. Yau ga abin da na tarar. Ni ba ni da sauran magana da shi, kotu kawai."

"Wa ya samo gwangwanin?" in ji Sufeto.

Manaja ya sunkuyar da kai. "Ni ne, yallaɓai. A ƙarƙashin gadonsa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na kawo shi aikin nan. Wallahi da ciwon zuciya na nuna, amma amana ta fi ƙarfin zumunci."

"Ka ji ko?" Hajiya ta nuna shi. "Yayansa ne ma ya faɗa. Me ya rage?"

"Kaɗan ya rage, Hajiya. Ina son ganin cikin kaza."

Likitar dabbobi ta riga ta iso. Ta shimfiɗa leda a kan benci ƙarƙashin inuwa, nesa da ɗakunan, tana farke matattun da almakashi. Mace ce mai saurin magana da saurin hannu. Sufeto ya tsuguna kusa da ita, wari bai dame shi ba.

"Ba guba ba ce," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Maganin ɓera irin wancan jini yake tsinkawa ko'ina, ka gan shi ƙarƙashin fata, ka gan shi a ƙirji. Dubi nan, fes. Yanzu dubi nan." Ta ɗaga wasu 'yan jakunkuna biyu a ƙarshen hanji, sun kumbura sun yi baƙi, ta tsaga ɗaya, gudan jini ya fito. "Koksidiyosis ke nan. Masu kiwo koksi suke cewa, ko kashin jini."

"Daga ina yake zuwa?"

"Wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, a bangon hanji take zama tana ci. Ƙwanta yana fita cikin kashi. Idan ya sami shimfiɗa mai laima da ɗumi sai ya nuna, wata kaza ta tsattsaga ta haɗiye, bayan kamar mako ita ma ta fara zubar da nata. Da wuya ka sami gonar da babu shi ko kaɗan. Shi ya sa ake haɗa maganinsa cikin abinci, yana danne shi."

"To me ya sa bai danne shi a nan ba?"

Sai a lokacin ta dube shi. "Abin da ke damuna ke nan tun ɗazu. Abinci ɗaya ɗakunan uku suke ci, biyu lafiya lau. Wannan daga waje ya zo, kuma da yawa ya zo, irin wanda ya saba da maganin har ba ya jin sa."

Hajiya da ta biyo su ta kama ƙugu. "To ai maganar ɗaya ce! A takalmi ya kwaso mini. Guba ko cuta, da gangan ya yi, kuma kotun nan sai ya je ta."

Sufeto ya juya wajen baron. Ya ɗauki wata matacciyar kaza yana jujjuyawa, don kawai bai taɓa duban ƙafar kaza da kyau ba. Ya ajiye, ya ɗauki wata. A ta huɗu ko ta biyar ya tsaya. Sama da yatsu, a kan ƙwauri, akwai wani zobe inda fata ta goge ta yi ja, kuma a ƙafafun biyu daidai wuri ɗaya.

"Likita, koksin nan yana cin ƙafa?"

"A'a."

"Hajiya, kuna ɗaure kaji a gonar nan?"

"Mu ɗaure su su je ina? Tun suna 'yan tsaki suke cikin ɗakin nan. Ranar sayarwa ma a keji ake ɗibarsu."

Ya zube baron gaba ɗaya, ya bi su ɗai-ɗai. Mafi yawa ƙafarsu sumul. Amma ya ware wasu 'yan kaɗan gefe, duk da wannan zoben, kuma duk sun fi sauran rama. Ya roƙi Likita ta buɗe masa ƙundun ɗaya. Ta tsaga, ta juye a tafin safar hannunta: tsakuwa ce ƙanana da ƙwayoyin hatsi. Ta tsaga ƙundun wata mai lafiyayyar ƙafa, babu komai sai niƙaƙƙen abincin kamfani da ɗan katako.

"Tabɗi," in ji Likita a hankali. "Daɓen ɗakin nan siminti ne. Babu inda kaza za ta sami tsakuwa."

"Wato waɗannan baƙi ne."

Hajiya ta yi tsaki. "Haba Sufeto! An taɓa ɓarawon da ke ƙara wa mutum kaji? Duk ƙarshen mako da kaina nake ƙirga su, da katanga ta allo, ɗai-ɗai suke wucewa ta gabana. Wadda ta mutu kuma ba a binne ta sai na ga gawarta da idona. Ƙirgata ba ta taɓa yin giɓi ba."

"Ba ta taɓa ba?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya zuba mata ido, fuskarsa cike da jin daɗi, har ta tsargu ta gyara mayafi. Ya sa aka zuba masa ƙafafun nan a leda, ya ce kada wanda ya ji wannan magana ya kai ta gaba, ko ga Manaja.

A caji ofis ya sa aka fito da Dogo. Dogo ne kuwa har sai ya ranƙwafa a ƙofa, ido ya yi ja.

"Maganin ɓeran naka ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Ɓeraye ke hana ni barci, daga sito suke zuwa."

"Me ya sa kake tsallake ruwan magani?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Takalmin ya huje ne. In na tsoma, ruwan ya shiga ya ci mini tsakanin yatsu. Na faɗa an ce za a sayo."

"Yaushe rabonka da fita gonar?"

"Tun ranar da aka kawo 'yan tsakin. Sai yau da kuka fito da ni."

"Ka taɓa ganin kazar da ba ka sani ba a ɗakinka?"

"Yallaɓai, farare ne duka, dubbai. Amma kwanan nan nakan tarar da wasu ramammu da safe, in ce ikon Allah, jiya ban ga mai wannan ramar ba. Na gaya wa Yaya, ya ce haka kaji suke, wata ba ta ci da kyau." Ya ɗago ya dubi Sufeto. "Don Allah kotu za a kai ni? In aka rubuta na kashe kajin mutane da guba, wa zai ƙara ba ni ko tsintsiya in riƙe?"

"Koma ka zauna tukuna," in ji Sufeto. Tausayinsa ya ji sosai, amma ba ya alkawari kafin ya gama aiki.

Washegari da hantsi ya koma gonar, ya zauna a bencin Baba maigadi, ya cire takalmi da kansa tun ba a ce masa ba.

"Baba, Dogo ya taɓa fita?"

"Ta ina? Katangar nan da waya a kai. Ni kuma ko kiran sallah ba ya ɗaga ni daga nan sai na sa kwaɗo."

"Wa ke shiga da fita?"

"Hajiya. Manaja. Direban abinci. Sai Likita in an kira ta."

"Direban har ina yake kaiwa?"

"Iyakarsa nan." Ya nuna wata taga a jikin sito, ta wajen katanga. "Ta can yake miƙa buhuna. Ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin gonar nan ba, Manaja ba zai yarda ba. Kai, Manaja ai ko ƙuda ya ga ya shigo sai ya tambaye shi ko ya tsoma ƙafa."

"Kana duba kayan mutane?"

"Har jakar Hajiya. Ita ta ce in riƙa yi."

"Babu abin da ke wucewa ba ka buɗe ba?"

"Babu." Sai kuma ya tuna. "To, ban da kular rigakafi. Wannan ba a buɗewa, in iska mai zafi ta shiga maganin ya lalace. Manaja ke ɗauro ta a bayan babur, ya wuce da ita ciki, in ya gama ya fita da ita."

"Babba ce?"

"Ƙatuwa. Ta ɗauki ƙanƙara da yawa."

"Yaushe ka gan ta na ƙarshe?"

"Ai kusan kullum ne kwanakin nan. Da rana tsaka, lokacin da yara suka tafi cin abinci."

Sufeto ya koma gefe ya kira Likita a waya. Ya fara da ita kanta, don ba ya tsallake kowa: yaushe rabonta da gonar kafin jiya? Ta ce tun ranar rigakafi na ƙarshe, kajin ba su gama fitar da gashi ba a lokacin. Ya ɗaga murya ya tambayi Baba maigadi, ya gyaɗa kai, haka ne.

"Daga nan babu wani rigakafin?"

"Na me? Kajin da sun kusa shiga kasuwa? An gama tuni."

Ya kashe wayar, ya tsaya yana kallon babur ɗin Manaja da ke jingine a inuwa. Kular ba ta kansa. Zato ya samu, amma zato ba ya buɗe ƙofar sel ɗin da aka rufe Dogo. Sai ya nufi kasuwar kaji.

Wanda bai taɓa shiga layin 'yan kaji ba bai san wari ba. Ƙasa a jiƙe, gashi na tashi, kejuna a kan kejuna, ruwan figa yana gangarowa ta tsakiyar hanya. Sufeto ya bi rumfa-rumfa da ledarsa yana nuna ƙafafu, ana yi masa kallon wanda ya taɓu. Yawancinsu da tsumma suke ɗauri, tsumma kuwa ba ya yanka fata. Can ƙarshen layi, kusa da bola, ya ga wasu fararen kaji a kwance a ƙasa, an ɗaure su bibbiyu da siririyar igiyar buhu, an watsa musu hatsi a gaba. Kashin da ke ƙarƙashinsu ja ne.

Mai rumfar wani ɗan duƙurƙusa ne mai bakin zuba, Gajere ake ce masa. Da ya ga katin aiki sai murya ta sauka.

"Yallaɓai, ni ban saci kazar kowa ba. In cuta ta faɗa gona, masu ita kan kwaso waɗanda suka rage su kawo, in karɓa a arha in sayar a arha. Kowa ya san layina."

"Wa ke sayen kazar da ke kashin jini?"

"Masu ƙaramin ƙarfi. Su yanka nan take a fige musu."

"Akwai mai saye da rai ya tafi da su?"

Gajere ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Mai leda! Wallahi akwai. Yallaɓai, tun da nake sana'ar nan ban ga irinsa ba. Can bakin titi zai tsaya da babur, ya zaro leda biyu ya ɗaura a takalmansa, ya sa safar hannu, sannan ya shigo yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Ba ya son jajaye, ba ya son na gida, sai farare, kuma sai masu girman kaza-da-kaza, har gwadawa yake da hannu. In na ɗaure masa ya zuba a kula. In zai tafi ya cire ledojin ya jefa a bola, ya fesa wa tayar babur wani abu. Na ce masa, Alhaji, kai da ke ƙyamar ƙasarmu, ai abin da kake gudu shi ka saya ka rungume! Bai ko yi murmushi ba."

"Da ya zo, kular a wofi take?"

"Oho. Amma kafin ya iso nan yakan tsaya wajen mai gashin kaji na bakin titi. Na sha ganin ana ciro masa manya-manya, masu ƙiba, irin waɗanda ni ko a mafarki ba sa zuwa rumfata."

"Za ka gane shi?"

"Ko cikin duhu. Mutum tsaf-tsaf haka."

Mai gashin kaji bai yi gardama ba, ya ce shi a saninsa daga gona ake kawo masa, kuma mai kawowa ya ce shi ne manaja. Sufeto ya ɗauki Gajere a mota. A bakin get Baba maigadi ya dubi ƙafafun Gajere ya ce wannan ko an yi masa wanka da ruwan magani ba zai shiga ba. Aka bar shi a waje, jikin tagar ofis da ke kallon titi.

Hajiya na zaune, Manaja na tsaye, Likita ta zo duba sauran ɗakunan. Sufeto ya ce a kawo kular rigakafi.

"Tana gida," in ji Manaja.

"Ɗazu a bakin get Baba ya ce mini jiya da safe ka shigo da ita, ba ka fita da ita ba. Hayaniya ta yi yawa, ina jin."

A bayan buhunan sito aka same ta. An wanke ta tas, tana ƙamshin magani. Sufeto ya juya murfin, ya nuna wasu ƙananan huji da aka yi da ƙusa a gefe.

"Me ya sa maganin da ba ya son iska yake buƙatar tagogi?"

Likita ta sa tsinke a lungun marfin, inda soso ba ya kaiwa, ta ciro ɗan farin gashi da busasshen kashi baƙi-baƙi. Daga taga Gajere ya leƙo ya washe baki.

"A'a, Mai leda! Ashe nan kake!"

Hajiya ta dubi taga, ta dubi Manaja. "Sufeto, yi mini bayani. Kaina ya ɗaure."

"Ƙirgarki ce ta jawo, Hajiya, ba da laifinki ba. Kin toshe hanyar sata ta ko'ina. In kaza ta ɓace za ki gani ranar ƙirga. In aka ce ta mutu za ki ce a kawo gawa. To sai ya samo dabara: ya fitar da lafiyayya mai ƙiba cikin kula, ya kai wa mai gashi, ya sayi marar lafiya a arha, fara mai kama da naki, ya kwance igiya ya jefa cikin dubbai. In ta rayu, ƙirga ta cika. In ta mutu, ga gawa a nuna miki. Ɗaki na uku ya zaɓa don shi ne can ƙarshe, ba a hango ƙofarsa daga ofis, kuma mai kula da shi ba zai taɓa zargin yayansa ba."

"Amma shi ya fi kowa tsoron cuta a gonar nan!"

"Shi ya tona shi. Dogo ba ya fita, direba ba ya shiga, Likita ba ta zo ba. Saura ke da shi. A kasuwa kuma mutum ɗaya ne tak yake ɗaura leda a takalmi don sayen kazar da ke mutuwa. Hannunsa ya saba da ƙa'ida, ya kasa bari ko a wajen sata. Da ya shiga kasuwar nan kamar kowa, Gajere ba zai tuna fuskarsa ba."

Manaja ya jingina da bango. Muryarsa ta fito siririya. "Na ɗauka maganin da ke cikin abinci zai tare. Kullum yana tarewa. Ƙafata ban taɓa shiga da ita da datti ba, wallahi ban taɓa ba."

"Ƙafa ɗan abin da ta taka take kawowa," in ji Likita, ranta a ɓace. "Kai kuwa masana'antar ka ɗauko sukutum ka ajiye musu a kan shimfiɗa. Kaza ɗaya mai wannan ciwo, abin da take zubarwa a yini ya ishi ɗaki."

Hajiya ta juya ta fuskanci Manaja. Da ta buɗe baki, ba maganar kaji ta yi ba.

"Gwangwanin fa? Ka san ba guba ba ce. Kai ka fi kowa sanin kashin jini in ka gan shi."

"Na ga kin kira 'yan sanda, na rikice. Na ce in hankali ya koma kansa, kafin a gane ba guba ba ce na gyara komai. Na san ba za a riƙe shi da yawa ba."

"Ka sani?" Ta miƙe tsaye, idonta ya ciko. "Ni da na rantse sai ya je kotu? Ka tsaya nan kana ce mini amana, na sa aka tafi da yaron nan gaban abokan aikinsa ko takalmi babu! Fitar mini da shi, Sufeto, kafin in faɗi abin da zan yi nadama."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa caji ofis. Sufeto ya riga ya yi waya a fito da Dogo, don haka yana tsaye a gaban kanta ana mayar masa da 'yan kayansa. Babu wanda ya gaya masa komai, an ce dai an sallame shi. Ya juyo ya ga yayansa yana shigowa tare da Sufeto, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya yi taku biyu ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Yaya! Allah ya saka da alheri. Wallahi na san kana can kana ta fama a kaina. Ka yi haƙuri da wahalar da na ja maka."

Manaja bai ɗago ido ba. Ɗan sandan da ke kan kanta ya ja tire ya tura gabansa.

"Cire bel. Cire agogo da takalmi."

Dogo ya saki hannun a hankali. Ya kalli tiren, ya kalli yayansa yana kwance bel, ya kalli Sufeto. Sufeto ya ja shi gefe ya gaya masa komai a taƙaice, har da wanda ya nuna gwangwanin, don ya ga gara ya ji daga bakinsa da ya ji a bakin 'yan gona. Aka wuce da Manaja ta ƙofar da Dogo ya fito, aka ja ƙarfe.

"Hajiya na waje cikin mota," in ji Sufeto. "Tana son ta ba ka haƙuri da bakinta. Aikinka na nan. Ka tafi, babu abin da ya rage a kanka."

Dogo bai nufi ƙofa ba. Ya nemi bencin masu jira ya zauna, ya ɗora ledar kayansa a cinya, dogayen ƙafafunsa sun tare hanya.

"Yallaɓai, don Allah a bar ni in ɗan zauna a nan tukuna," ya ce. "In na fita, gida zan fara zuwa. Ban san me zan ce wa mahaifiyarmu ba."